Kunne Ɗaya, Shekara Goma Sha Huɗu: William Glock da Ikon Mai Tsara Jadawalin Kiɗa

Duk wanda ya shiga zauren Royal Albert Hall na birnin Landan a daren kiɗa, akwai waɗanda zai iya nunawa da yatsa: ga madugu tsaye da 'yar sanda a hannu, ga makaɗa zaune a gabansa, ga kuma sunan mawallafin kiɗan a takardar da aka raba a bakin ƙofa. Amma akwai mutum guda da ido ba ya kaiwa gare shi. Shi ne wanda ya zauna a ofis shekara ɗaya ko biyu kafin wannan dare, ya yanke cewa da kiɗan wane za a buɗe, na wane zai biyo baya, na wane kuma ba za a ji shi ba sam. Ba a yi masa tafi, ba a kuma yi masa ihu. Da yake aikinsa ba ya barin littafi ko faifai mai ɗauke da sunansa, masu nazari kan tsallake shi kamar dai ma'aikacin ofis ne kawai mai cike gurabe. Wannan maƙala ta ɗauki jadawalin da irin wannan mutum yake tsarawa a matsayin aikin fasaha da ya cancanci a yi masa tarke, ta kuma zaɓi Sir William Glock, wanda ya tsara bikin kiɗan Proms daga 1960 zuwa 1973, domin a rayuwarsa ne alherin wannan sana'a da zaluncinta suka fito daga tushe ɗaya.

Sai an san abin da ya tarar kafin a gane abin da ya yi. An fara Proms ranar 10 ga Agusta, 1895, a zauren Queen's Hall. Wanda ya ƙirƙiro shi, Robert Newman, manajan zaure ne, ɗan kasuwa, shi ya ɗauko matashin madugu Henry Wood. Kuɗin shekarar farko kuwa daga aljihun wani likitan maƙogwaro suka fito, Dakta George Cathcart, wanda ya gindaya sharaɗin a sassauta tsayin sautin kayan kiɗa, saboda ya ga yadda tsohon ma'aunin yake wahalar da muryoyin mawaƙa. Tun daga ranar farko ke nan mai kuɗi yana da bakin magana a kan abin da kunne zai ji. Dabarar Newman mai sauƙi ce: a sayar da tikiti da arha, a bar jama'a su tsaya a tsakar zaure, a fara musu da kiɗan da suka saba da shi, sannan a riƙa ɗaga su sannu a hankali. Aka keɓe daren Litinin ga Wagner, daren Juma'a ga Beethoven. Wood bai ji tsoron sabon abu ba. A watan Satumba na 1912 shi ne ya fara kaɗa Five Orchestral Pieces na Arnold Schoenberg a duniya, masu sauraro suka yi ta tsaki da dariya.

Newman ya rasu a 1926, BBC ta karɓi bikin a 1927, bom ya rushe Queen's Hall a watan Mayu na 1941, aka koma Royal Albert Hall, Wood ya rasu a 1944. A cikin waɗannan sauye-sauye tsarin ya tsira, amma ruhin ya yi sanyi. A shekarun 1950 bikin ya zama na Malcolm Sargent, madugu mai farin jini da iya ado, wanda jama'a ke ƙauna ƙwarai. Kiɗe-kiɗen da aka ji bara su za a ji bana, madugai kaɗan ke karɓa-karɓa, makaɗa kuma su yi dare bayan dare ba tare da isasshen lokacin gwaji ba. Matakalar da Newman ya kafa domin a hau, sai ta koma wurin zama.

Glock bai fito daga cikin ma'aikatan BBC ba, wannan kuwa yana da muhimmanci. An haife shi a Landan a 1908, ya yi karatu a Kambirij, sannan ya tafi Balin ya koyi kaɗa fiyano a hannun Artur Schnabel daga 1930 zuwa 1933, wato daidai shekarun ƙarshe kafin 'yan Nazi su watsa mawallafa da makaɗan wannan birni. Da ya dawo gida ya zama mai sharhin kiɗa a jaridar Observer har zuwa 1945. A 1948 ya kafa makarantar kiɗa ta bazara a Bryanston, wadda ta koma Dartington a 1953, ya kuma kafa mujallar The Score a 1949. Ya shafe shekaru yana sukar Ingila da cewa ta toshe kunnenta ga abin da ke faruwa a nahiyar Turai, yana sukar BBC ita kanta. Saboda haka naɗa shi shugaban sashen kiɗa na BBC a 1959 ya zama kamar an miƙa wa mai ƙorafi makullin gidan da yake ƙorafi a kai.

Abin da aka fi tunawa da shi shi ne ya shigo da kiɗan zamani: Schoenberg, Webern, Messiaen, Boulez, Stockhausen, da matasan Birtaniya irin su Peter Maxwell Davies da Harrison Birtwistle. Haka ne, amma wannan bayani ya rage masa daraja. Ya ja jadawalin baya kamar yadda ya tura shi gaba, har zuwa Monteverdi na ƙarni na 17 da Machaut na ƙarni na 14. Kuma gwanintarsa ta ainihi tana cikin jerawa. A zaman kiɗan daren Alhamis da ya ƙirƙiro wa rediyo a 1960 ya ajiye Le Marteau sans maître na Pierre Boulez gefe da kiɗan Mozart na masu goge biyar. Wanda bai saba ba zai ce wannan haɗin gambiza ne. Amma a duba abin da haɗin yake yi wa kunne. Mai sauraron da ya gama bin muryoyi biyar na Mozart, yana jin yadda wannan ke miƙa wa wancan zance, ya riga ya shirya bin saƙar Boulez ko da bai san sunan dabarar ba. Idan kuma aka dawo kan Mozart bayan Boulez, sai ya daina zama kiɗan da ake gyangyaɗi a kai, a ji ƙarfin halin da ke cikinsa. Kowane ɗaya ya zama sharhi a kan ɗan'uwansa, ba tare da an furta ko kalma guda ba. Ɗaliban adabi sun san wannan daga aikin mai tattara waƙoƙi a kundi: waƙar da aka sa a shafi na dama takan canza ma'anar wadda ke shafi na hagu.

A nan ne ya rabu da Newman, ko da yake burinsu ya yi kama. Newman ya ɗauki mai sauraro tamkar almajiri da za a fara wa da baƙi kafin a kai shi ga farfaru. Glock ya ɗauke shi babban mutum wanda za a iya ajiye wa abu biyu a gaba a bar shi ya gwada. Ya rushe al'adar keɓe dare ga mawallafi guda, domin a ganinsa irin wannan dare yana tara waɗanda suka riga suka yarda ne kawai. Ana yawan ruwaito cewa da aka tambaye shi abin da yake son bai wa jama'a, ya amsa da cewa abin da za su so gobe. Akwai girmamawa a cikin wannan amsa, akwai kuma girman kai, domin mai faɗar ta ya ɗauka ya san gobe.

Sauran aikin nasa na gudanarwa ne, kuma bai kamata mai tarke ya raina shi ba, don jadawali mai kyau a takarda ba ya kaɗa kansa. Kiɗa mai wuya yana bukatar gwaji mai yawa, gwaji kuma kuɗi ne da lokaci. Glock ya ƙara yawan rukunonin makaɗa da madugai domin a raba nauyin. A 1961 kamfanin Glyndebourne ya kawo Don Giovanni na Mozart, karo na farko da aka yi cikakkiyar opera a bikin. A 1963 manyan madugai daga waje, Georg Solti da Leopold Stokowski da Carlo Maria Giulini, suka hau dandalin. A 1966 rukunin makaɗan gidan rediyon Mosko ya zama na farko daga ƙasar waje. Daga baya ya fitar da wasu darare daga Albert Hall zuwa wurare irin su Roundhouse, tsohon rumbun juya kan jirgin ƙasa, ya kuma jawo Boulez ya zama babban madugun rukunin makaɗan BBC a 1971. Mafi yawan wannan ya faru ne Sargent yana raye a rabin farko na wa'adin, yana ganin rabonsa na darare yana raguwa, har ya rasu a watan Oktoba na 1967. Rage wa gwarzon jama'a fili ba tare da an kore shi ba, wannan ma fasaha ce da ba a koyarwa a makarantar kiɗa.

Wani dare guda ya nuna iyakar ikon mai tsara jadawali da kuma nauyinsa a lokaci ɗaya. Ranar 21 ga Agusta, 1968, an shirya rukunin makaɗan Tarayyar Sobiyet, ƙarƙashin Yevgeny Svetlanov, zai kaɗa tare da Mstislav Rostropovich kiɗan Dvořák na babban goge. Dvořák kuwa shi ne mawallafin da mutanen Cek suke alfahari da shi. A daren jajibirin wannan rana tankokin Sobiyet suka shiga Cekoslobakiya. An yi ihun zanga-zanga a cikin zauren, Rostropovich ya kaɗa yana hawaye. Babu wanda ya tsara wannan, an rubuta jadawalin tun watanni kafin. Amma da ba a buɗe ƙofa ga baƙi shekara biyu da suka gabata ba, da babu dandalin da tarihi zai faɗo a kai.

Jama'a ba su bi shi ko'ina ba. A 1969 mutane da yawa sun tashi sun fice ana tsakiyar kaɗa Worldes Blis na Maxwell Davies. A shekarar dai, yunƙurin cire waƙoƙin kishin ƙasa daga daren rufe biki ya jawo ƙorafi har hukuma ta ja da baya. Irin wannan turjiya ba ta dame ni ba a matsayin mai nazari, domin a fili take: an ba mutane abu, sun ƙi, kowa ya gani. Abin da ya fi wuyar aunawa shi ne kiɗan da ba a ba su ba balle su ƙi.

A nan ne zancen ya yi nauyi. Darare a bikin ƙidayayyu ne, kusan mako takwas ne a shekara, kuma duk minti ashirin da aka ba wani an hana wani. A zamanin Glock akwai mawallafa 'yan Birtaniya da suka ci gaba da rubuta simfoni a kan tsohon tsarin sauti mai gida, wato wanda yake tashi daga wani tushe ya yi yawo ya komo. Edmund Rubbra, mai simfoni goma sha ɗaya, yana cikinsu, kuma tauraronsa ya dusashe a waɗannan shekaru. George Lloyd ya koma noman furanni da naman kaza a Dorset, yana rubuta kiɗa da asuba kafin ya shiga gona. Simfoninsa na takwas, da ya rubuta a farkon shekarun 1960, bai samu kunnen jama'a ba sai 1977. Berthold Goldschmidt, wanda ya tsere wa 'yan Nazi ya zauna a Landan, ya yi shiru da wallafa na fiye da shekara ashirin. Adalci ya sa a faɗi cewa shirunsa ya fara tun kafin zuwan Glock, kuma a zamanin Glock ne aka ba shi sanda ya jagoranci simfoni na goma na Mahler, wanda Deryck Cooke ya kammala, a Proms na 1964. An yarda da hannunsa ke nan, ba a nemi alƙalaminsa ba. Sai a 1993 Simon Rattle ya kaɗa Ciaccona Sinfonica nasa a bikin, yana da shekara casa'in.

Masu kare Glock sukan ce bai taɓa haramta kowa ba, kuma ba a rasa jin waɗannan mutane gaba ɗaya a rediyo ba. Wannan kariya ba ta kai ga zuciyar matsalar ba. Mai tsara jadawali ba ya bukatar haramci. Ya ishe shi kada sunan ya zo masa a rai ranar da yake cike takarda. Marubucin da aka hana buga littafinsa yana iya ajiye rubutun a akwati, wani ya karanta bayan shekara hamsin. Simfoni kuwa sai an tara makaɗa kusan tamanin ko fiye, an biya su kuɗin gwaji, kafin mawallafin kansa ya ji abin da ya rubuta. Wanda bai ji aikinsa na biyar ba, da me zai gyara na shida? A Birtaniya ta wancan lokaci BBC ce babbar mai ɗaukar makaɗa aiki, ita ce mai tashar rediyon kiɗan, ita ce mai Proms, kuma duk waɗannan ƙofofi uku makullinsu yana hannun mutum ɗaya.

Wanda ya fi kowa fayyace wannan shi ne Robert Simpson, mawallafin simfoni kuma ma'aikacin sashen kiɗa na BBC na kusan shekara talatin. Ya ajiye aiki a 1980, shekarar da hukumar ta yi niyyar rushe biyar daga cikin rukunonin makaɗanta, makaɗa suka shiga yajin aiki, har aka soke dararen farko na Proms. A 1981 ya fitar da ɗan littafi mai suna The Proms and Natural Justice. Ƙarfin hujjarsa shi ne bai zargi Glock da mugunta ko rashin iyawa ba. Abin da ya ce shi ne, kowane mutum, komai faɗin kunnensa, yana da abin da ba ya ji, kuma idan aka bar mutum ɗaya a kan kujera shekara da shekaru, kurumtarsa sai ta zama ta ƙasa baki ɗaya. Ya ba da shawarar a raba aikin tsara Proms daga muƙamin shugaban sashe, a riƙa naɗa mai tsarawa na 'yan shekaru ƙalilan sannan a canza, a kuma dogara da rukunonin makaɗan BBC domin rage kashe kuɗi da samun 'yancin zaɓi.

Ana iya cewa Simpson yana da nasa a ciki, tunda irin kiɗan da yake rubutawa yana cikin wanda aka yi wa ƙyashi. Ko da haka ne, hujja ba ta lalacewa don mai kawo ta yana da rauni a jiki. Sau da yawa ma mai ciwon ne ya fi sanin inda ƙaya take. Kuma ya kauce wa tarkon da masu irin wannan ƙorafi suka saba faɗawa, wato neman a miƙa aikin ga kwamiti. Kwamiti ba ya iya sa Boulez kusa da Mozart. Abin da kwamiti ya iya shi ne rabon gado: wannan ɓangare ya samu dare biyu, wancan ya samu biyu, kowa ya tafi ba mai fushi ba mai murna. Jadawalin da yake magana sai ya fito daga kunne ɗaya mai son wani abu har ya yarda ya bar wani. Simpson ya fahimci haka, shi ya sa ya nemi a bar kunne ɗaya, amma a sa masa wa'adi.

Inda nake ganin shawararsa ta yi rauni shi ne wajen lissafin lokaci. Da an ba Glock shekara huɗu ko biyar kawai, da ya sauka a tsakiyar shekarun 1960, Sargent yana nan da ƙarfinsa, baƙin makaɗa ba su fara zuwa ba, Boulez bai karɓi rukunin BBC ba. Masu sauraro ba sa canza kunne a kaka ɗaya. Kiɗan da aka yi wa tsaki bana yana bukatar a sake kawo shi baɗi, a hannun madugun da ya fi na farko, a gefen wani kiɗan da zai haska shi, kafin a san ko tsakin na gaskiya ne ko na baƙunta. Manyan madugai kuma akan kama su ne shekara biyu ko uku kafin ranar. Mai wa'adin shekara huɗu zai ci rabinsa yana cika alkawuran wanda ya gada. Haka nan shawarar dogara da makaɗan gida, da an bi ta tun farko, da ta rufe ƙofar da ta kawo daren Rostropovich. Tsawon zaman da ya ba Glock damar gyara Proms shi ne dai ya tsawaita jiran Lloyd da Rubbra, kuma ban ga wata dabarar gudanarwa da za ta ɗauki ɗaya ta bar ɗaya ba. Abin da za a iya yi, kuma a nan Simpson ya fi gaskiya, shi ne kada a tara dukkan ƙofofi a hannu guda. Da mai tsara Proms daban ne da mai iko da tashar rediyo, da wanda aka manta a nan zai iya ƙwanƙwasa can.

Akwai wani abin dariya da ya faru a farkon zamanin, wanda yake da alaƙa da wannan batu fiye da yadda ake zato. A 1961 Hans Keller, wanda ya shiga BBC a shekarar da Glock ya shiga, tare da Susan Bradshaw, suka shiga ɗakin ɗaukar sauti suka yi ta bugun kayan kiɗa ba tsari, aka watsa shi a rediyo da sunan aikin wani matashin mawallafi ɗan Folan mai suna Piotr Zak, wanda babu shi a duniya. Masu sharhi ba su yaba ba, amma sun ɗauke shi a matsayin aiki na gaske da ya gaza. Abin da wasan ya tona shi ne ƙarfin gurbin da aka sa abu a ciki. Da zarar hukuma mai daraja ta ajiye sauti a jadawalinta, ta riga ta ce wa mai sauraro wannan kiɗa ne, ka ba shi hankalinka. Idan gurbi yana iya ɗaga hayaniya zuwa matsayin da za a yi mata sharhi, to rashin gurbi yana iya saukar da simfoni zuwa matsayin da ba a san da shi ba.

BBC ba ta karɓi shawarar Simpson ba a lokacin. Robert Ponsonby, wanda ya gaji Glock, ya riƙe bikin fiye da shekara goma, John Drummond ya yi goma, Nicholas Kenyon ya yi goma sha biyu, daga 1996 zuwa 2007. Dukkansu a kan harsashin Glock suka yi gini: haɗa tsoho da sabo a dare ɗaya, gayyato baƙi, ba da kwangilar sababbin ayyuka. Shi kuwa, bayan an ba shi lambar Sir a 1970 ya kuma bar BBC, ya ci gaba da sana'ar tasa a bikin birnin Bath daga 1976 zuwa 1984, ya fitar da tarihin rayuwarsa, Notes in Advance, a 1991, ya rasu a 2000. A zamanin Ponsonby ne, a 1981, shekarar da littafin Simpson ya fito, Edward Downes ya kaɗa simfoni na shida na George Lloyd a Proms, shekara ashirin da biyar bayan rubuta shi, mawallafin yana da shekara sittin da takwas.